Yaya ake ƙulla abota da baƙin ƙasashen waje a Bauchi ba tare da an ɗauke ka maroƙi ba?

Ɗan Yelwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar baƙi. A garin nan namu ba a rasa mutanen ƙasashen waje. Akwai malamai da masu bincike da ke zuwa Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, akwai likitoci da ma'aikatan ƙungiyoyin lafiya, akwai injiniyoyin kamfanonin hanya, sai kuma masu wucewa gandun namun daji na Yankari. Wani sai ya yi wata guda ko fiye, daga masauki sai wurin aiki, ya koma ƙasarsu ko masar Bauchi bai ɗanɗana ba. Abin yana damuna, don ina ganin gazawar tamu ce, mu masu gari.

To ta ina ake farawa? Yaya zan tunkari mutum bai ɗauke ni maroƙi ko ɗan damfara ba? In ya amsa gayyata, ina zan kai shi, me zan ba shi ya ci, kuma wa ke biyan kuɗin mota da na shiga wurare? Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma ba ni da mota.

Malam Na-Ƙofar Ran:

Wa'alaikumussalam ƙanena. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba ka lada.

Kada ka tare baƙo a bakin titi ko a ƙofar masaukinsa. Duk wanda ya zo daga waje an riga an ja masa kunne cewa mutumin da ya fara tunkarar sa da fara'a mai yawa, akwai abin da yake nema. Hanya mai kyau ita ce ta hannun wanda ya riga ya sani: abokin aikinsa, direbansa, ɗalibinsa, ko shugaban sashen da ya gayyato shi. A gabatar da kai, ka faɗi sunanka da sana'arka da unguwarku, ka ba shi lambarka, ka ce in yana son ganin gari ran Asabar kana nan. Shi ke nan. Kada ka karɓi tasa lambar sai in shi ya miƙo. In bai kira ba, saƙo ɗaya bayan kwana uku ya isa. Kiran waya sau biyar a yini don a gaisa, mu a wurinmu zumunci ne, shi kuwa takura yake gani, daga nan sai ya daina ɗauka.

Zancen kuɗi a gama shi tun kafin a fita, domin nan ne yawancin irin wannan abota ke lalacewa. Mu mun saba mai masauki shi ke biyan komai, ya yi shiru ko da aljihunsa na kuka. Baƙi da yawa, musamman na Turai da Amurka, sun saba kowa ya biya nasa. Sai ka biya sau ɗaya, sau biyu, ranka ya fara sosuwa, shi kuwa bai ma san an yi ba. Ka ce masa kai tsaye: abincin gidanmu da yawon cikin gari nawa ne, amma mota ta shata da mai da kuɗin shiga Yankari kai za ka ɗauka. Ba zai ji haushi ba, hankalinsa ma zai fi kwanciya. Kuma ka zaɓi ɗaya: ko kai aboki ne, ko kai ɗan jagora ne da ake biya. In aikin jagora kake so, ka faɗi kuɗinka tun farko, halal ne. Abin da ke zubar da mutunci shi ne a fara da sunan abota a ƙare da lissafi.

Abu uku kada su fito daga bakinka: biza, aiki, da taimakon kuɗin makaranta ko na asibiti. Shi ba shi ke ba da biza ba, ofishin jakadancin ƙasarsu ne, kuma ranar da ka roƙa duk alherin da ka yi a baya zai zama kamar shimfiɗa ce ka yi wa roƙon. In yana da hanyar da zai taimake ka, da kansa zai ɗauko zancen.

Lokaci kuma, in ka ce ƙarfe tara, ka iso tara saura minti biyar. In za ka makara ka aika saƙo ka faɗi minti nawa. Kada ka tsara fita ran Juma'a tsakanin sha biyu da rabi zuwa uku, don hanyoyin wajen fada da babban masallaci suna cikewa.

Fitar farko ta zama gajera, awa uku, da safe, a wurin jama'a. Ku ɗauki shatar Keke Napep, ka yi cinikin tun baƙon bai fito ba, in ba haka ba kuɗin zai ninka. Ku fara da kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa. Ka je da bayaninka a kai: an haife shi a 1912, malamin makaranta ne a nan Bauchi kafin siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, ginin kuma an buɗe shi a 1979. Ka bar baƙon ya bi ta duhun hanyar shiga a hankali har ya fito sarari inda kabarin yake, sama a buɗe. Da gangan aka tsara ginin haka, kuma ma'aikatan wurin sun fi kowa iya bayanin ma'anarsa, don haka kada ka cika shi da surutu.

Daga nan sai ƙofar fada. Ka gaya masa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin a 1809, ka nuna masa inda ƙofofin ganuwa suke, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai. Kallon waje ba ya buƙatar komai sai gaida dogarai, amma shiga gaida Mai Martaba sai an nemi izini ta ofishin masarauta kwanaki kafin ranar. In an samu, ka koya masa tun a gida: a cire takalmi, ba a miƙa wa sarki hannu, a durƙusa ko a zauna inda aka nuna, dogarai za su amsa gaisuwar. Wando dogo, riga mai hannu.

Ku ƙare a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Ka yi masa ciniki da gaskiya. Akwai masu haɗa baki da mai kaya a ƙara kuɗi su dawo su karɓi la'ada. Baƙo yana ganewa, don gobe zai tambayi direbansa nawa ake sayar da hular.

Bayan fita biyu ko uku, in jininku ya haɗu, ka kai shi gida ya ci tuwo. Abin da ya fi zauna musu a rai ke nan, fiye da duk wani gini.

Hajiya Maman Biyu:

Ɗan Yelwa, ɗana, Malam ya gama maka zancen mu'amala. Ni cikin baƙon zan yi maka magana a kai, don in ya kwanta ciwo a dalilin abincin gidanku, ba zai ce komai ba amma ba zai sake zuwa ba.

Kafin a ɗora tukunya ka tambaye shi abu biyu: me ba ya ci, kuma akwai abin da jikinsa ba ya karɓa? Babban abin tsoro gyaɗa ce. A ƙasashensu akwai mutanen da ɗan kaɗan ɗinta ke kumbura musu leɓe da maƙogwaro har numfashi ya gagara cikin mintuna. Mu kuwa gyaɗa tana ko'ina: ƙuli-ƙulin yajin tsire da kilishi, miyar taushe, kunun gyaɗa, har man da ake zubawa a tanda a soya masa. Mai irin wannan lalura yakan yi yawo da allura a jaka. Ka ce ya nuna maka inda take. A cinya ake soka ta, ta gefen waje, sannan a wuce asibiti kai tsaye ko da ya ce ya ji sauƙi. Na biyu, masu ƙin nama, kamar Indiyawa da yawa. Tsame naman daga miya bai wadatar ba, romon ma ba sa so. A yi musu tasu daban: wake da shinkafa, ɗanwake, ƙosai, miyar kuka da daddawa ba nama ba kifi.

Ruwa sai na gora, ya buɗe murfin da hannunsa. Ba ƙanƙara. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na talla a bar su, ba don ba su da daɗi ba, sai don ba a san ruwan da aka dama su da shi ba. In kana son ya sha, a yi a gida da tafasasshen ruwa. Fura kuma a dama da kindirmon da aka tabbatar an dafa madararsa. Latas da kabeji da ɗanyen tumatir a ajiye su gefe. Abin da aka sauke daga wuta yanzu shi ne lafiya: masa daga tanda, tsire daga wuta, tuwo da turirinsa. Barkono a rage a miya, a kawo yaji a ƙaramin kwano ya zuba da kansa.

Kada a cika masa kwano, kada kuma a matsa masa da "ƙara mana". Zai ci don kunya har ya wahala. A zuba kaɗan, in ya so ya ƙara. A kawo ruwan wanke hannu da sabulu, a ajiye cokali kusa, ka nuna masa da dama ake ci.

In gudawa ta kama shi, a sayo garin gishiri da sukari na kemis a kaɗa cikin ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardar. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin. Ya riƙa kurɓa. In akwai jini, ko zazzaɓi, ko ta wuce kwana biyu, sai asibiti.

Zazzaɓi kuwa ba a jira da shi. Mu da muka tashi da cizon sauro jikinmu ya ɗan saba, shi kuwa wanda bai taɓa yi ba cikin kwana biyu sai ya kai shi ga halaka. Duk zafin jikin da ya zo bayan ya yi mako guda a ƙasar nan, a gwada jini a ranar. Gwajin bai wuce minti ashirin ba. Kada ka saya masa magani a kemis da ka. Yawancinsu suna shan ƙwayar rigakafi kullum, kuma wata irin, doxycycline, tana sa rana ta ƙona fata da wuri, don haka hula da inuwa. In hira za ta kai bayan magariba a tsakar gida, ya sa dogon wando da safa ya shafa maganin sauro. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke kai maki 40, ya sha aƙalla lita uku a yini, kuma ba yawo tsakanin azahar da la'asar.

In baƙuwa ce mace, kada ka yi ta yawo da ita kai kaɗai. Ka haɗa ta da yayarka ko matarka ko ƙanwarka, su za su shigar da ita cikin gida inda kai ba za ka iya kai namiji ba. Su gaya mata ta sa sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, ta riƙe ɗan gyale a jaka, kuma kada ta ji haushi in dattijo bai miƙa mata hannu ba. Suna son lalle ƙwarai. A yi mata jan lalle na gargajiya. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi yana tayar wa wasu da ƙuraje har ya bar tabo, in ta nace a ɗiga kaɗan a hannu a jira kwana biyu. Namiji kuma iyakarsa zaure ko falo, sai in maigida ne ya ce a shigo da shi ya gaida iyaye.

Direban Dindima:

Yallaɓai, tunda ba ka da mota, ga yadda tafiyar Yankari take.

Daga cikin Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun, kimanin kilomita 110 ne. Hanyar Gombe za ku bi, a Dindima ku karya dama zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take. Mutane suna zaton in an kai ƙofa an iso, alhali akwai sauran fiye da kilomita 40 cikin daji kafin Wikki, kuma ba a gudu a wurin saboda dabbobi na tsallakawa. Ku ƙiyasta awa biyu zuwa biyu da rabi. Motar haya ba ta shiga har ciki, shata za ku ɗauka, kuma a yi ciniki a kan zuwa da dawowa da kwanan direba da abincinsa, don kada a yi rigima a daji. A cika tanki a Bauchi. Ka duba safaya da jak da idonka, kada ka yarda da "akwai". Ruwan gora katan ɗaya, da tsabar kuɗi, don sabis yana ɗaukewa kuma katin bankin waje sau da yawa ba ya aiki a na'urar POS. A kira a tambayi kuɗin shiga da na ɗaki da na kyamara kafin a tashi, baƙon ya ji adadin da kunnensa.

Lokacin ganin dabbobi rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Da damina daji ya rufe, sai a yi ta zagaye ba a ga komai ba. Zagayen da sassafe ake yi ko bayan la'asar, tare da ma'aikacin gandun, kuma ba a sauka daga mota sai ya ce. Shi ya sa kwana ɗaya a can ya fi a je a dawo a yini. Kada ka yi masa alkawarin giwa. Dajin ya fi murabba'in kilomita 2,200, giwayen suna yawo, wani ya gani wani bai gani ba. Gwanki da gwambaza da ɓauna da mugun dawa an fi samunsu. In tarihi yake so, an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006.

Ƙudan tsando yana bin baƙin kaya da shuɗi mai duhu, cizonsa kuma har ta cikin riga mara kauri. Ya sa mai ruwan ƙasa ko fari-fari, mai dogon hannu. Birai kuma, gwaggon birin Wikki ba ya tsoron mutum. Yana buɗe ƙofar da ba a kulle ba, yana fizge leda daga hannu. A kulle ɗaki da mota, a ɗaga gilashi, kada a ci abinci a fili, kada a ba su komai. In ya ƙwace abu a bar masa.

Ruwan Wikki ɗuminsa maki 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma garai-garai yake har kana ganin yashin ƙasa. Wajen da yake ɓuɓɓugowa a gindin dutse ya fi zurfi, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya ta ƙasa. Ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara wurin cika yake, in baƙon mai son shiru ne ku je tsakiyar mako. Ka tambaye shi ko yana da katin rigakafin ciwon shawara. Ana neman sa tun a filin jirgi, amma ka tabbatar, don a 2019 an samu ɓarkewar cutar da aka danganta da yankin. Kai ma in ba ka yi ba ka je ka yi.

In lokacinsa kaɗan ne, ku bi hanyar Ningi zuwa Sumu a Ganjuwa, inda raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya suke. A hanyar ku tsaya Kafin Madaki ya ga ginin Babban Gwani, shahararren maginin gargajiyar nan. Wannan yini ɗaya ya isa, ku dawo kafin magariba.

Baba Mai Ritaya:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai inda zan ɗan saɓa wa Malam. Ya ce a kai baƙo gida. A kai shi ya ci abinci, na yarda, amma da rana, kuma kada unguwa ta san ranar tun kafin ta zo. Kwana kuwa a'a, ya kwana a masaukinsa. In dole ta sa zai sauka a gidanka, mai unguwa ya sani, ofishin 'yan sanda na yankinku ma ya sani.

Yaro, baƙo amana ne, kuma farin baƙo ana hango shi daga nesa. Ba mu manta da 2013 ba, lokacin da aka sace ma'aikatan kamfanin gini su bakwai 'yan ƙasashen waje a Jama'are. Har yanzu Amurka da Ingila suna sanya jihar nan cikin wuraren da suke gargaɗin mutanensu a kai. Saboda haka in ya ce ofishinsu ya hana shi zuwa wuri kaza, ko sai da motarsu da direbansu, kada ka ce ai lafiya lau ne, ka bi dokarsu. Kada ka sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp kuna wurin, kada ka rubuta gobe za mu Yankari. In za a sa hoto, bayan an dawo, kuma da izininsa. Ba tafiyar dare. Kafin ku bi hanyar Alkaleri ko ta Ningi, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon. Wani naka ya san inda kuka nufa da lokacin dawowa.

A shingen jami'an tsaro, gilashi ƙasa, waya a aljihu, kai za ka yi gaisuwa. Ya riƙe fasfo ɗinsa ko kwafin shafin hoto da na biza. Kada ya ɗauki hoton shinge, ko barikin soja, ko gidan gwamnati, ko filin jirgi. Ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama sai da izinin hukuma daga Abuja, in ba shi da takarda ya bar shi a jaka. Hoton mata da na yara almajirai ma sai an tambaya, kuma kai ne za ka hana tun kafin wani ya taso masa.

Su ma baƙin ba duka ne na kirki ba, wannan kada kunya ta hana ka gani. Kada ka yi masa rajistar layin waya da lambarka ta NIN. Duk abin da aka aikata da layin kai za a nema. Ya je ofishin kamfanin da fasfo da biza, akwai tsarin da aka yi wa baƙi. Kada ka karɓi kuɗi a asusunka a madadinsa. Kada ka riƙe masa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba. Takardar gayyata da ake kai wa hukumar shige da fice ba wasiƙar zumunci ba ce, mai sa hannu ya ɗauki alhakin mutumin ne har ya fita ƙasa. Wanda ya fara tambayarka inda ake haƙar ma'adinai a Toro ko Ningi, yana son ka haɗa shi da masu sayar da duwatsu, ka ce ya nuna lasisinsa na gwamnatin tarayya, in babu ka janye jikinka. Haka mai neman hauren giwa ko fatar namun daji ko tsofaffin kayan tarihi da rubutattun littattafan kakanni. Fitar da su laifi ne, kuma ɗan gari aka fi kamawa don shi ke nan bayan jirgi ya tashi. Canjin kuɗi kuma ka raka shi wurin 'yan canji masu shago, a ƙirga a gabansa. Ka gaya masa tsohuwar takardar dala da mai tabo ana karya musu farashi.

Sannan ina jin kamar duk hankalinku na kan Turawa. Ɗalibin da ya zo daga Nijar ko Kamaru ko Chadi, da likitan da ya zo daga Masar ko Sudan, su ma baƙi ne, kuma sun fi samun kaɗaici don ba mai rububinsu. Ɗan Kamarun da ke jin Fulatanci da Faransanci kawai, wanda zai raka shi asibiti ko ya nuna masa inda ake samun ɗakin haya ya yi masa abin da ba zai manta ba.

Ɗan Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji gargaɗin. Saura abu biyu. In zancen addini ya taso, ko ya ce yana son shiga masallaci, yaya zan yi? Kuma in zai tafi, wace tsaraba ta dace?

Malam Na-Ƙofar Ran:

Baba ya yi gaskiya a kan kwana, na karɓi gyara.

Zancen addini kada kai ka fara, amma in ya tambaya ka amsa da abin da ka sani, abin da ya fi ƙarfinka ka kai shi wurin malami. In lokacin salla ya yi kuna tare, ka ce masa minti goma, ka samar masa wurin zama a inuwa, ka je ka yi sallarka. Suna girmama wanda bai ɓoye addininsa ba. Shiga masallaci in ba Musulmi ba ne, sai ka tambayi liman tukuna, ba a lokacin salla ba, in an ce a'a ya tsaya daga waje. In Kirista ne yana neman coci ran Lahadi, ka haɗa shi da wani maƙwabci ko abokin aiki Kirista ya kai shi. Ka gaya masa tun farko cewa jihar nan tana bin shari'a, giya ba a yawo da ita a gari, kuma kai ba za ka sayo masa ba. Da azumi ya ci abincinsa a masauki, ka gayyace shi buɗa-baki. In zamansa ya kai Sallah, ka nema masa wurin zama a rumfar baƙi ta hannun masarauta don kallon hawa, kada ku tsaya cikin turmutsutsu inda dawakai ke sukuwa.

Tsaraba kuma ka tuna jirgi zai hau. Kilishi da dambun nama ana ƙwace su a filayen jirgin Turai da Amurka, asara ce kawai. Wuƙa ko takobin ado ma matsala ne. Hula zanna, ko ɗinkin yadi, ko takalmin fata, ko ƙaramin faifai sun fi. In ɗinki ne, ka kai shi wurin tela a auna shi saura mako biyu ya tafi, ka faɗa wa telan ranar da ta riga ta gaskiya da kwana huɗu.